Kwana Uku Babu Wuta a Gidan Goggo

Babana mai gyaran wutar lantarki ne, shekara arba'in da ɗoriya yana wannan sana'a, kuma yana da wata ɗabi'a da ta sha ba mu kunya. Duk gidan da ya shiga, ko da gaisuwa ce ta kai shi, kafin ya zauna sai ya ɗora bayan hannunsa a kan soket ɗin da ya fi kusa da shi. In ya ji sanyi, sai ya ci gaba da tambayar lafiyar iyali. In ya ji ɗumi, to gaisuwa ta ƙare ke nan, sai ya shiga tambayar me da me ake jonawa a wurin. Ranar da ya fara zuwa gidan surukaina, uban mijina yana miƙo masa hannu, shi kuwa yana durƙushe a bayan kujera yana shinshina bango. Har yau in ƙannen mijina suna so su tsokane ni sai su ce in gaida musu mai shinshina bango.

'Yan unguwa Mai Testa suke ce masa, saboda ɗan sukundireban nan mai kawo haske in ya taɓa wuta, wanda ba ya rabuwa da aljihun gaban rigarsa. Mama ta sha tsintarsa a cikin ruwan wanki.

Mun taso a gidan da in an ɗauke wuta, kafin kowa ya samu damar yin tsaki, sai an zaga an zare dutsen guga da hita, domin a cewar Baba wuta ba ta yin sallama in za ta dawo. Akwai bokitin yashi a bayan ƙofar kicin tun kafin a haife ni, kyanwarmu ma ta ɗauka don ita aka ajiye shi. Tun ban iya ɗaura ɗankwali ba na san cewa ba a watsa wa wutar lantarki ruwa, kuma na san inda ake kashe wutar gidan gaba ɗaya. Ya taɓa dawowa daga rabin hanyar kasuwa don kawai ya tuna ya ga wata ƙanwata ta tura caja a ƙarƙashin filo. Muna jin haushinsa a lokacin, ba zan ɓoye ba. Gidajen ƙawayenmu ana jona soket a kan soket har ya yi rassa, ba abin da ya same su, mu kuwa ko fanka za a ƙara sai an yi zama.

Abu ɗaya yake alfahari da shi a duniya: a duk gidajen da ya yi wa wayarin, babu wanda ya taɓa kamawa da wuta. Ba ya faɗa da bakinsa. Amma in aka ba da labarin gobara, bayan ya yi jaje sai ka ji ya tambaya a hankali, "Wa ya yi musu wayarin?" In aka ambaci wani, sai ya sauke numfashi, ya yi wa masu gidan addu'a da zuciya ɗaya.

Mutum ɗaya ce ba ya iya kafa wa doka, wato yayarsa, Goggo. Ta girme shi da shekara goma sha biyu. Mahaifiyarsu ta rasu yana ɗan shekara huɗu, ita ta goya shi, ita ta yi masa wanka, kuma ita ta kama hannunsa ta kai shi shagon wani tsohon mai gyaran wuta ta ce a koya masa sana'a ko ya daina kwance rediyon maƙwabta. Har yanzu Auta take ce masa, da farin gemunsa da jikokinsa. Mutumin da ke iya tsayar da ɗan kwangila ya ce a fasa bango a sake aiki, in ya shiga gidan Goggo muryarsa komawa take kamar ta ɗan makarantar da bai yi aikin gida ba.

Goggo ƙanƙara take sayarwa, da ruwan sanyi da lemo. Gidan nata Baba ne ya yi masa wayarin shekara talatin da suka wuce, lokacin da kayan wutarta ba su wuce ƙwan fitila huɗu da fanka da rediyo ba. Da mijinta ya rasu ta sayi firiza ɗaya. Kasuwa ta buɗe, ta ƙara ta biyu, ta jera su a wani ɗan ɗaki da ke manne da ɗakin jikokinta uku, 'ya'yan 'yarta da ke aikin jinya a wani gari. Daga nan fiyus ya fara tsinkewa. Fiyus ɗin nan siririyar waya ce a cikin ɗan tangaran, an yi ta ne don ta ƙone. In kaya suka yi wa wayoyin gida nauyi, ita ke fara tsinkewa, wuta ta ɗauke kafin bango ya ɗauki zafi. A mako guda sai da Baba ya je ya canza shi sau uku.

A zuwa na huɗu ya iske ƙanƙara ta narke, ruwa ya malale har tsakar gida, Goggo tana tsaye riƙe da ƙugu.

"Auta, wannan wane irin aiki ne? Kullum abu na tsinkewa kamar zaren ɗinki."

"Yaya, kayan ne suka fi ƙarfin wayar. Sai an sake wayarin."

"Sake wayarin a tsakiyar zafin nan? Ka yi mini dabara dai. Ku masu sana'a ba kwa rasa dabara."

Ya yi mata dabarar. Ya yanko waya mai kauri, irin wadda ba ta tsinkewa, ya murɗa ta a gurbin fiyus, ya ce zuwa ƙarshen wata zai dawo a yi aikin gaskiya. Wuta ta zauna daram, Goggo ta sa masa albarka. Ƙarshen wata ya zo ta ce a bari zafi ya wuce. Zafi ya wuce ta ce ai ga shi lafiya lau. Bayan shekara biyu ta ƙaro firiza ta uku. Haka aka kwashe shekara shida, kuma duk cikinmu babu wanda ya san da wannan magana. Abin da na lura da shi kawai shi ne, gidan Goggo ne kaɗai Baba ke shiga ya zauna ba tare da ya taɓa soket ba. Na ɗauka girmamawa ce.

Wata Talata da azahar shagon telan da ke bakin titinmu ya kama da wuta. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, telan ya fita cin abinci, amma kafin 'yan kwana-kwana su iso kekuna biyu da kayan mutane sun tafi. Washegari Baba ya je jaje, kuma kamar yadda ya saba ya nemi a nuna masa akwatin wuta. Ba shi ya yi wayarin shagon ba. Ya tona cikin gawayi da testa, ya zaro tangaran ɗin fiyus, sai ga waya mai kauri murɗe a jiki, ko gezau ba ta yi ba. Komai na shagon ya ƙone, ita kaɗai ta tsira.

Na je gida da yamma na iske abincinsa a rufe, shi kuma yana zaune a kan tabarma ya tasa akwatin kayan aikinsa a gaba bai buɗe ba. Mama ta yi mini nuni da ido cewa tun safe haka yake. Na zauna kusa da shi na tambaye shi ko jikin ne.

"Irin wayar da na gani a shagon tela," in ji shi, "akwai ta a gidan Yaya. Ni na ɗaura ta da hannuna."

Mama ta ajiye abin da take yi. "Kai? Kai da ka hana ni hita biyu a kicin?"

"Ni."

"Tun yaushe?"

"Shekara shida. Kuma wayar da ke kai wuta ɗakin firizan, ta saman silin ɗin ɗakin yaran ta bi."

Ban taɓa ganin babana ya tsufa ba sai ranar. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, domin yaran nan uku da 'ya'yana suke wasa, ƙaramar cikinsu ko makaranta ba ta shiga ba.

Da safe ya tafi gidan Goggo, bai yi awa ɗaya ba ya dawo. Ya ce ya yi mata bayani, aikin zai ci kwana uku babu wuta. Ta ce kwana uku a watan da mutane ke layi a ƙofarta tun hantsi, ashe ba shi da tausayi. Ta ce abin da bai ci ta ba shekara shida ba zai ci ta a makon nan ba, ya bari damina ta sauka. Ta zuba masa lemo mai sanyi, ya sha, ya yi godiya, ya taho. Mama ta dube shi ta ce, "Har da shan lemo."

Sai aka tura ni, wai ni 'yar gaban goshinta ce. Na je na yi iya yina, har da labarin tela da ƙarin gishiri. Goggo ta saurare ni tana ƙulla ruwa a leda, hannunta bai tsaya ba.

"Ke 'yar nan, ubanki tun yana yaro matsoraci ne. Ko tsawa aka yi sai ya shige zanina. Aikinsa ba ya ci da wuta, kowa ya sani. Ɗauki ƙanƙara biyu ki kai wa yara."

Na leƙa ɗakin jikokin kafin in fita. Gadonsu mai hawa biyu ne, na saman kuwa tsakaninsa da silin bai kai kamu uku ba. Na fito da ƙanƙarar a hannu, ban ma ji sanyinta ba.

Ranar Asabar da sassafe Baba ya kira ni ya ce in same shi a can, yana so a samu wanda zai riƙe Goggo da magana. Na iske ya riga ni, ya jingina tsani a bango, ga naɗin sabuwar waya ɗaure a bayan babur. Ya gaishe ta yadda ya saba, ya tambayi kwanan yara. Daga nan ya wuce wurin mita, ya kashe wutar gidan, ya zare fiyus ɗin ya jefa a aljihu. Gurnanin firiza uku da ya zame wa gidan kamar numfashi ya tsaya cak.

Goggo ta fito daga kicin. "An ɗauke ne?"

"Ni na kashe, Yaya."

"To kunna."

"Ba zan kunna ba."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ina jin tunda take ba ta taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba, shi ma da gani bai san tana cikin bakin nasa ba.

"Auta, a gidana? Ni da na share maka majina?"

"Ke kika share. Ki zage ni, ki kore ni, duk na yarda. Amma ki bari in nuna miki abu ɗaya tukuna."

Ta ce babu abin da zai nuna mata, ta kawo zancen goyo, ta kawo zancen ranar da ya yi ƙyanda ta kwana huɗu ba ta runtsa ba, ta ce yau ga sakayya. Baba ya je ya ɗauko tsaninsa. Ya ce wa yaran su fito tsakar gida, ya shiga ɗakinsu da tsani, ya ɓalle allon silin ɗaya daidai saman gadon. Wani wari ya sauko, irin na roba da ta daɗe tana gasuwa. Ya haska tocila ya daɗe yana kallo, sannan ya sa filaya ya yanko wayar kamar tsawon hannu, ya ɓanɓaro wani ɓangare na katakon da take kwance a kai, ya sauko.

Ya kama hannun Goggo ya ɗora mata su a tafi. Robar jikin wayar ta bushe ta yi baƙi, tana taɓawa ta ruguje kamar ƙanzo, jan ƙarfen ya fito tsirara. Katakon kuwa ya zama gawayi, har ya ɓata mata yatsu.

"Da ɗumi," in ji ta.

"Minti goma ke nan da na kashe wutar. Wannan a saman kan babban jikanki yake, inda yake kwana." Ya nuna wayar. "Ba laifin firizanki ba ne, Yaya. Fiyus ya yi ta gaya mana gaskiya, ni na toshe masa baki, don ban iya ce miki a'a ba."

Goggo ta juya ta dubi yaran, suna tsaye a jere a bakin rijiya, ƙaramar tana tsotsar ƙanƙara. Ta nemi kujera ta zauna, wayar tana hannunta. Ta jujjuya ta, ta sake duban yaran. Da ta buɗe baki, cewa ta yi, "To kayan cikin firizan fa? Su lalace?"

A nan ne shekara arba'in na taɓa soket ɗin mutane suka yi rana. Baba ya san gidan da wayarsa za ta iya ɗaukar firiza da wanda ba za ta iya ba, kamar yadda ungozoma ta san 'ya'yan unguwa. Ya ce ɗaya ta tafi gidan malamin makaranta, ɗaya gidan mai kemis, ta ukun gidan direban da ke bayan layi. Mai wanki da guga ya zo da kansa ya ce a kawo ɗaya wurinsa, Baba ya ce masa, "Kai da dutsen guga biyu a soket ɗaya? Naka aikin yana nan tafe." Aka samo baro, maza shida suka yi ta nishi, Goggo tana biye da su tana faɗin a yi a hankali da ta tsakiyar, murfinta ba shi da lafiya. Telan da shagonsa ya ƙone yana cikin masu turawa, ba wanda ya kira shi.

Kwana ukun nan unguwa ta sha kallo. Mai son ƙanƙara sai a tura shi gidan malam, mai son lemo gidan direba, Goggo tana zaune a ƙofar gida tana ba da umarni kamar mai ba da hannu a mahaɗar titi. Yaran suka koma gidanmu. Baba da wani abokin sana'arsa suka zare tsohuwar wayar kaf, suka ja sabuwa mai kauri a cikin bututu, kowace firiza da layinta, kuma aka kauce wa saman ɗakin yaran gaba ɗaya. A gurbin tsohon tangaran ya kafa akwati mai 'yan makunnai da ke faɗuwa da kansu in kaya sun yi yawa. Goggo ba ta yi masa magana ba sai abin da ya zama dole. Abinci dai tana aika masa, kuma na lura naman da ke kai ya fi na kullum.

A rana ta uku da la'asar ina taya ta shara a ɗakin firizan, Baba yana cikin silin ta ɗaya ɓangaren yana ɗaure wayoyin ƙarshe. Goggo ta tsaya ta dafa bangon da ya raba ɗakin da na yaran.

"Bangon nan ya fi shekara yana ɗumi," ta ce da ni, murya ƙasa-ƙasa. "Wani lokaci in na shigo da rana har warin nake ji."

Na saki tsintsiya. "Goggo, kin sani? Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? In na kira wani mai gyara, kafin yamma gari ya ɗauka cewa aikin Mai Testa ya lalace, a gidan yayarsa ma. In na gaya masa shi, ya ji kunyata. Yaron nan ba shi da gona, ba shi da shago, sunan nan kaɗai ya tara. Sai na ce bari in yi shiru, in dinga kashe ɗaya da rana."

Motsin da ke cikin silin ya tsaya. Can sai ga ƙafafun Baba a kan tsani, ya sauko da yanar gizo-gizo a gemu, idanunsa sun yi ja, ya ce ƙura ce. Ya tsaya a gabanta yana juya filaya a hannu.

"Yaya, da sunan da yaran, wanne za ki iya sake samowa?"

Ta sa gefen mayafi ta share masa gemun, da ƙarfi, yadda ake goge wa yaro fuska.

"Daga yau in kin ji wari," in ji shi, "ki fito tsakiyar titi ki ce aikina ya lalace. Na yafe."

"Kai ma in na ce ka yi abin da bai kamata ba, ka buɗe baki ka yi magana. Gemu har ƙirji, a ce mutum bai iya cewa a'a ba."

"Ai na fara."

"Na gani. Kada dai ka saba."

Kafin magariba aka dawo da firizan, aka jona kowace a layinta. Baba ya kai Goggo gaban sabon akwatin ya nuna mata babban makunnin, ya ce ita za ta ɗaga. Ta ce tsoro take ji, ya ce ai shi ne matsoracin gidan. Ta ɗaga, firiza uku suka ɗauki gurnani, ba abin da ya faɗi. Ta sa ya nuna mata yadda ake kashewa, ta kashe, ta kunna, ta sake kashewa, sannan ta aika a kira babban jikan shi ma ya koya.

Da na kawo yaran daga gidanmu, babban ya haye gadonsa na sama ya kwanta rigingine yana kallon sabon allon silin, fari tas a cikin tsofaffi. Goggo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa, ta ƙi matsawa, har sai da mai sayen ƙanƙara ya gaji da sallama a waje.

"Auta," ta ce ba tare da ta juyo ba, "je ka sallame shi. Ni ina nan tukuna."